Bayan Allurar Hanta: Abin Da Mai Jinya Ya Kamata Ya Sani

A hutun zangon da ya wuce ni na zauna jinyar yayana, lokacin da aka yi masa gwajin da likitoci ke kira bayofsi. Yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, likita yana son ya ga iya ɓarnar da cutar ta yi. A wannan gwaji, ana soka siririyar allura ta tsakanin haƙarƙarin dama, a ciro ɗan guntun tsokar hanta, a kai ɗakin gwaje-gwaje. Daga gidanmu da ke Gwammaja a Dala muka fita da asuba, cikinsa ba komai, kamar yadda aka umarta.

Kada ka ce wannan matsalar wasu ce. Binciken ƙasa na shekarar 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da wannan ƙwayar cuta. Kuma a gidajenmu, ɗalibi ake turawa asibiti, wai shi ne ɗan boko.

Ita allurar ba ta ɗaukar lokaci. Tun 1958 wani likita ɗan Italiya, Giorgio Menghini, ya fito da dabarar da allura ba ta wuce daƙiƙa guda a cikin hanta. Babban aikin yana bayan an fito.

Ana fito da shi, nas ta kwantar da shi a kan gefensa na dama, ta naɗe tawul ta sa a ƙarƙashin wurin allurar. Dalili? Hanta maƙare take da jini, kuma tana cikin kejin haƙarƙari, ba yadda za a sa yatsa a danne ramin kamar yadda ake yi bayan ɗibar jini a hannu. Idan mutum ya kwanta ta dama, nauyin hantar kan matse ta da bangon jiki, sai ramin ya samu ya toshe. Yawanci awa biyu ake yi a haka, sannan a koma rigingine. Zaman lura kan kai awa huɗu zuwa shida, gwargwadon tsarin asibiti.

Da aka kira sallar Azahar, sai ya fara yunƙurin tashi. Na ce, "Yaya, don Allah ka dakata, nas ta hana." Ya ce, "Haba ƙanina, a kan ɗan wannan filasta?" Da ƙyar ya yarda ya jinkirta har likita ya ba da izini. Nan na gane tarkon: raunin waje ƙarami ne, na ciki kuwa ido ba ya ganinsa.

Shi ya sa nas ke zuwa awon jini da bugun zuciya kusan kowane minti 15 a awar farko, daga baya a riƙa tsawaitawa. Zubar jini a ciki shi ne haɗari mafi girma, kuma galibi a awannin farko yake bayyana. Idan bugun yana ƙaruwa, awon jini yana sauka, akwai magana.

Abin da ya tsorata mu shi ne ciwon kafaɗar dama. Me ya haɗa kafaɗa da hanta? Ashe jijiyar tantanin da ya raba ƙirji da ciki tushensu ɗaya da jijiyoyin kafaɗa, a wuya. In tantanin ya ji taɓi, ƙwaƙwalwa sai ta ɗauka kafaɗa ce. Abu ne da aka saba gani, yana lafawa. Duk da haka a sanar da nas, musamman in yana tsananta.

Don ya samu sauƙi, na sa masa matashi tsakanin gwiwoyi, wani a bayansa, na kuma roƙi 'yan dubiya su bari sai gobe.

Bayan sallama, ga abin da muka kiyaye. Ba tuƙi a ranar, mun kuma roƙi direba ya bi ramukan hanya a hankali. Ba ɗaukar jarkar ruwa, ba ƙwallo, ba hawan Dutsen Dala, har mako guda. Da Hajiya ta aika kemis a sayo diclofenac, na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, likita ya hana." Shi da aspirin da ibuprofen suna hana jini saurin daskarewa. Ko paracetamol, sai adadin da likita ya rubuta, don hanta ce ke sarrafa shi. Jiƙe-jiƙen gargajiya ma a dakata.

A koma asibiti nan take idan an ga jiri ko suma, gumi mai sanyi, ciki ya kumbura ko ciwo ya tsananta, numfashi na sarƙewa, zazzaɓi, baƙar bayan gida, ko ido ya yi shawara. Waɗannan na iya nufin jini na zuba, ko allura ta taɓa huhu, ko ruwan matsarmama ya tsiyaya. Ba kasafai suke faruwa ba, amma wani lokacin sai bayan kwanaki. Kada a ce a bari gari ya waye.

Alhamdu lillahi, Yaya ya koma kasuwa. Ni kuma na je na yi gwajin jini, na fara allurar rigakafi. Kai fa, ka san matsayinka?