Majinginin Gaba: Ƙarfen da Ke Riƙe wa Maharbi Saiti

Yau za mu leƙa wani wasa da ya fi ƙarfi a Amurka, wasan harbin takarda daga kan tebur. Maharbi yana zaune, bindiga tana kwance a gabansa, gabanta a kan wani ƙarfe mai ƙafa uku, gindinta a kan jakar yashi. Wancan ƙarfen, majinginin gaba, shi za mu tattauna a kai, domin ana cin gasa saboda shi, ana kuma faɗuwa saboda shi.

Ku fara jin abin da ake nema. Harsashi biyar ake harbawa daga nisan yadi 100, sannan a auna tazarar da ke tsakanin ramuka biyu mafi nisa da juna. Wanda nasa suka fi matsuwa shi ya ci. A 1973 wani Ba'amurke, Mac McMillan, ya haɗa biyar ɗinsa cikin inci 0.009. Shekara 40 babu wanda ya ture wannan bajinta, sai a 2013 Mike Stinnett ya yi inci 0.0077, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na milimita. Idan aka miƙa maka takardar, rami ɗaya za ka gani. Wannan wasa ya samu tsarinsa na zamani ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da su Harvey Donaldson suka fara taruwa a Johnstown ta jihar Niyok a 1947, kuma tun daga lokacin ake ta kokawa da abu guda: yadda za a raba bindiga da rawar hannun ɗan Adam.

To me ya sa ɗan motsi yake da tsada haka? Mu yi lissafi tare. A ce tsakanin majinginin gaba da jakar baya akwai santimita 70. Takarda kuwa tana can yadi 100, wato mita 91. Duk abin da gaban bindiga ya gusa, sai ya ninku kusan sau 130 kafin ya isa takarda. Kashi ɗaya cikin goma na milimita a kan tebur ya zama milimita 13 a can. Mutumin da ke neman rami ɗaya ya riga ya yi asara, alhali idonsa bai ga komai ya motsa ba.

Shi ya sa, a ganina, tambayar farko ga mai saye ita ce: idan na ɗora hannu na girgiza, yana motsi? Nauyi ne farkon amsa. Majingini na ƙarfen zubi, mai faɗin gindi, wanda wani ma ya haura kilo 10, yana zama daram idan bindiga ta yi shuri. Na roba ko na sakayau ɗin alminiyom yakan gusa kaɗan-kaɗan, harbi bayan harbi. Ƙafafu uku ake yi masa saboda dalilin da ya sa murhu yake da duwatsu uku: ko ƙasa ba ta daidaita ba, tukunya ba ta girgiɗi. Kowace ƙafa tana da sukuru mai tsini da ke cizon tebur, da notin da ke kulle shi. A duba a ga akwai ma'aunin ruwa irin na magina a jikinsa, don bindigar da ta karkata gefe ba ta kai harsashi inda aka saita.

Sai sandar tsakiya, wadda ake murɗa wani zoben ƙarfe a ɗaga ta ko a sauke. Nan ne masu araha suke tona wa kansu asiri. A ɗaga ta, a kulle, a kama kanta a jijjiga. In an ji sako-sako ko da ƙanƙani ne, a ajiye. A kuma lura ko kullewar da kanta tana ture saiti, domin akwai wanda kana ɗaure shi yana kauce maka.

Yanzu ga inda maharba suka rabu gida biyu. Akwai tsohon salo, mai maɓallin murɗawa ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na hagu da dama, irin waɗanda kamfanonin Sinclair, Hart da Bald Eagle suka yi suna a kai. Akwai kuma mai sanda guda, wadda maharbi ke riƙewa da hannu ɗaya ya juya bakin bindiga duk inda yake so a lokaci guda. Kamfanin Farley na Amurka ya shahara da irin wannan, haka ma SEB, wanda Sebastian Lambang ke ƙerawa a Indunusiya, ana kai shi filayen gasa na duniya. Amfanin sandar sauri ne. Minti 7 ake ba mutum ya gama harsashi biyar, kuma iska ba ta jira. Maharbi yana kallon tutocin da aka kafa a fili, da ya ga iskar da yake so ta dawo, sai ya zuba biyar ɗin a jere kafin ta juya. Amma kuɗin mai sandar ya ninka na tsohon salo, kuma tana son a daidaita ƙarfin sifirin ɗinta da nauyin bindiga, in ba haka ba kana sakin sandar saiti ya zame. Ni dai ina ganin sabon shiga ya fi samun riba da tsohon salo mai nauyi da kyan ƙira, ya sa ragowar kuɗin a harsashi da atisaye.

Abin da mutane suka fi rainawa kuwa shi ne 'yar jakar yashin da ke saman majinginin, alhali ita kaɗai ce ke taɓa bindiga. Dokar gasa ma ta ce a kan yashi za a ɗora, kuma ba a yarda a haɗe majinginin gaba da jakar baya su zama abu ɗaya ba a rukunin bindigogi masu kilo 4.8 da masu kilo 6.1. Bindigogin gasa suna da shimfiɗaɗɗen ƙirji mai faɗin inci 3, don haka jakarsu shimfiɗaɗɗiya ce. Bindiga mai siririn ƙirji kuwa tana son jaka mai kwarmi. Idan aka danƙara yashi har jakar ta yi tauri, bindiga takan yi tsalle, ramuka su jeru daga sama zuwa ƙasa. Idan aka bar ta lagwaf, saiti ya riƙa nutsewa. Kunnuwan jakar su rungumi bindiga ba tare da sun shaƙe ta ba. Ga gwaji mai sauƙi, da bindigar da aka tabbatar babu harsashi a cikinta: a saita, a ja ta baya kaɗan, a mayar da ita har ta taɓa matokarin da ke gaban majinginin, a leƙa madubin saiti. In saitin ya koma inda yake, kayan sun yi. In ya kauce, a sake duba yashi da layin jakar baya kafin a zargi bindiga.

Wanda zai yi harbin kwance kuwa, lissafinsa daban ne. A gasar F-Class, wadda ɗan Kanada George Farquharson ya assasa don tsofaffin maharba da ido da hannu suka fara gajiya, ana harbi har yadi 1,000 daga ƙasa. Rukunin F-Open ne ya yarda da majinginin gaba, da bindiga mai kai kilo 10. A can ana buƙatar ƙafafu masu dogon tsini da za su shiga ciyawa, da sanda mai isasshen tsawo, a kuma tuna cewa da hannu za a ɗauki kayan daga wannan layin harbi zuwa wancan, a filaye masu faɗi irin na Bisley a Ingila. Mai saye ya fara ɗaga shi da hannu ɗaya ya yi 'yar tafiya da shi tukuna.