Rufi Ya Yi Yoyo: Yadda Muka Kashe Rigima Da Kafinta A Mamobi

Yau ba maganar farashin shanu na zo da ita ba, maganar rufin ɗaki ce. Na san wani zai ce ina ruwan ɗan Turaku da kwano da ƙusa? To, da ruwanmu. Kuɗin da muke kwana a mota daga Pagga zuwa Ashaiman don mu samu, da yawansu a kan ginin gida da gyaransa suke ƙarewa, kuma a nan ne ake cutarmu, a nan ne mu ma muke cutar wasu.

A shekarar 2024 Babbar Salla ta faɗo a tsakiyar watan Yuni, lokacin da damina ta fi ƙarfi a Ankara. Allah ya sa kasuwa ta yi mini kyau, sai na ce bari in sauya rufin gidanmu na gado da ke Mamobi, wanda tun zamanin mahaifinmu ake yi masa faci. Ɗakuna biyar ne a jere, uku na iyali, biyu na 'yan haya. Wani abokina ya haɗa ni da wani kafinta, saurayi mai ladabi. Muka tsaya a ƙofar gida, ya ɗaga kai ya dubi rufin, ya faɗi kuɗin jinga, na rage, ya ce Allah ya sa albarka. Babu takarda, babu shaida. Na ba shi kafin alƙalami, kashegari muka tafi Kasuwar Katako muka sayo kaya. Cikin kwana shida ya gama, na biya shi duka, har da na goro.

Ruwan farko da aka yi bayan haka, cikin dare, sai na ji uwargida tana jan bokitai. Ɗakuna uku suna zuba. Katifa ta jiƙe, silin ɗin ɗaki guda ya kumbura, littattafan marigayi mahaifina da ke cikin akwati ruwa ya taɓa su. Da safe ɗan haya ya zo ya ce, "Alhaji, ai gara tsohon rufin." Wannan magana ta fi ruwan yi mini ciwo.

Duk wanda ya zauna Nima ko Mamobi ya san ruwan Ankara ba abin wasa ba ne. Damina biyu gare mu, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Ba mu manta daren 3 ga Yuni 2015 ba, da ambaliya da gobarar gidan mai a Sakul suka ci rayuka fiye da 150. Ga gidajenmu a manne da juna, indararon wani a kan bangon wani. Ga iskar teku mai gishiri da ke cin kwano. Rufin da zai yi shekara ashirin a Tamale ko Bolga, a nan tsatsa kan riga shi.

Na kira kafinta a waya, ya ce yana zuwa. Kwana huɗu bai zo ba. Zuciya ta ɗebe ni na tafi wurin 'yan sanda. Wanda na tarar ya saurare ni sarai, sannan ya tambaye ni, mutumin ya karɓi kuɗi ya gudu ne, ko ya yi aikin bai yi kyau ba? Na ce ya yi aikin. Ya ce to wannan ba laifin zamba ba ne, rigimar yarjejeniya ce, wurinta kotu ko sulhu. Daga baya na gane gaskiya ya faɗa mini. Dokar manyan laifuffuka ta Gana ta 1960 ta hukunta wanda ya karɓi dukiyar mutum da ƙarya da yaudara, amma wanda ya hau rufi ya buga ƙusa a inda bai dace ba, bai shiga wannan layi ba. 'Yan uwa, ku riƙe wannan. Kulle kafinta kwana biyu ba ya toshe ƙofar ruwa ko guda, sai dai ya bar gaba tsakanin gidaje biyu da za su haɗu a masallaci da wurin suna da maƙabarta.

Da na huce sai na je wurin limamin masallacinmu. Ya bar ni na gama faɗa, sannan ya yi mini tambayar da ta kashe mini jiki. Ya ce, "Alhaji, in mahauci zai ɗauki sa a hannunka bashi, kana ba shi babu dillali, babu mai gidan da zai tsaya masa?" Na ce a'a, Allah gafarta Malam. Ya ce, "To kuɗin rufin nan ya kai shanu nawa?" Na yi shiru. Ya tuna mini cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Mun karanta ta a Islamiyya tun muna yara, muna aiki da ita a kara, amma da muka zo gida sai muka ajiye ta.

Liman ya aika aka kira kafinta, ya zo da ƙanen mahaifinsa. Kafin a ce komai, Malam ya tambaye mu ko mun yarda a sa wani tsohon kafinta na unguwa, wanda ba ya cikin maganar, ya hau ya duba, kuma abin da aka yanke mu karɓa. Muka ce mun yarda. Wannan shi ne mataki mafi amfani a duk rigimar, don ni ban san aikin rufi ba, liman ma bai sani ba, kuma gani ya kori ji.

Tsohon ya hau da yaransa biyu da bokitan ruwa. Suna zubawa a sama, muna kallo a ciki. Da ya sauko ya lissafa abu huɗu. Na farko, an buga ƙusoshi da yawa a cikin kwarin kwano inda ruwa ke bi, maimakon a kan tudunsa, kuma wasu babu robar da ke toshe ramin. Na biyu, inda kwano ke hawa kan kwano an ƙuntata, don a sa kayan su isa. Rufinmu kuwa ba shi da gangara sosai, saboda haka in iska ta kaɗo sai ruwa ya koma baya ya shiga. Na uku, inda rufi ya haɗu da bangon maƙwabci ba a sa kwanon da ke shiga cikin bango ya rufe tsagin ba, siminti kawai aka shafa, ya kuwa tsage. Na huɗu, kwanon kansa siriri ne ƙwarai, kuma katakon wawa ne ɗanye, ba a sa masa maganin gara ba.

A nan ne kafinta ya ɗaga hannu ya ce, "Baba, ka ji tsoron Allah, a kasuwa na ce maka a sayi mai kauri, kuma a ƙara bandir ɗaya, ka ce kuɗi sun ƙare." Jama'a, gaskiya ce. Na so in musa, amma na tuna ranar. Araha ba ta ado. Ashe ƙuntata haɗin nan da rowata a ciki.

Ga yadda aka yanke. Ƙusa da haɗin bango laifin kafinta ne, don sana'arsa ce, zai gyara ba tare da an ƙara masa ko sidi ɗaya ba. Ƙarin kwano da maganin katako ni zan saya, shi ya buga a kan rabin lada. Silin ɗin da ya lalace mu raba biyu. Katifa na yafe. Aka sa wa'adin mako biyu, aka rubuta a takarda da Turanci da Hausa, muka sa hannu, liman da tsohon kafinta suka sa a matsayin shaidu, kowa ya riƙe kofe. Ya zo ya yi aikin cikin wa'adi, kuma ƙaramar damina ta wuce ba mu ɗauko bokiti ba.

Wani zai ce sulhun zaure ai magana ce kawai, in mutum ya ƙi fa? A Gana ba haka ba ne. Dokar sasanta rigingimu a wajen kotu ta 2010, mai lamba 798, ta amince da hukuncin gargajiya irin wannan, muddin ɓangarorin biyu sun shiga da yardarsu. Abin da aka yanke ya hau kansu, kuma ana iya kai shi kotu a yi masa rajista don a tilasta wa wanda ya noƙe. Shi ya sa rubutun ke da muhimmanci. Haka kuma Hukumar Taimakon Shari'a tana zaunar da mutane sulhu, kotuna ma sukan tura ƙananan ƙararraki wurin masu sasantawa kafin alƙali ya saurara. In duk wannan ya gagara, sai ƙaramar kotu ta gunduma. Amma kada mutum ya kwanta a kan haƙƙinsa, don dokar wa'adin ƙara ta 1972 ta ba da shekara shida ne ga rigimar yarjejeniya. In kuwa kai ɗan haya ne, kada ka kira kafinta ka cire kuɗin daga haya ba tare da yardar mai gida a rubuce ba. Rigimarku da shi tana da nata ofishi, wato ofishin kula da haya.

Abin da na koya, shi nake gaya wa kowa a kara yanzu. Kafin ka ba mutum aiki, je ka ga rufin da ya yi wanda damina biyu ta bi ta kansa, ka tambayi masu gidan. A rubuta yawan ɗakuna, da irin kwano da kaurinsa, da irin katako, da wanda zai sayi kaya, da ranar gamawa. In ka ƙi shawarar mai sana'a, ka sani ka ɗauki rabonka na laifi. Kada ka biya duka. Ka raba kuɗin uku, ka riƙe kashi na ƙarshe sai ruwa mai ƙarfi ya gwada aikin, ko a hau a zuba ruwa a gabanka. In ta MoMo ka biya, kada ka goge saƙon, rasit ne. In yoyo ya fito, ka ɗauki hoto da wayarka a daren, kuma kada ka kira wani kafinta ya taɓa kafin na farko ya gani, don da zarar hannu na biyu ya shiga, kowa zai ce ba shi ba ne. Sannan ka ba shi dama ya gyara. Aikin rufi kuma a yi shi da rani, tsakanin Disamba da Maris, ko da kuwa kuɗin Salla ne sai an adana su wata shida.

Mu ma masu ba da aiki akwai magana a kanmu. Na san masu gida da aka yi musu aiki mai kyau suka ƙirƙiro aibi don su danne cikon kuɗin. Mu da muka san zafin mahauci ya yanka sa ya sayar da nama ya ɓace da kuɗinmu, bai kamata mu yi wa kafinta haka ba.

Yaron nan yanzu in muka haɗu a Kasuwar Nima yakan durƙusa ya gaishe ni, bara ma shi na ba gyaran rumfar awaki, da takarda da shaidu biyu. Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya sa albarka a kasuwa, ya kawo damina lafiya. Amin.