Ko Ka Sani? Bishiyar da Ba Ta Haihuwa Sai Ta Sha Sanyi

Ko ka san akwai bishiyar da in ba ta sha sanyi ta ƙoshi ba, ba za ta yi 'ya'ya ba? Ita ce pich, 'yar asalin ƙasar Sin. Ɗanta ya kai girman tuffa, da gashi mai laushi a bawo da ƙwallo guda mai tauri a ciki. Alhazai sun saba ganinsa a kasuwannin Saudiyya.

Da sanyi ya kama, sai ta kaɗe ganye ta shiga barci. Idanun rassanta ba sa buɗewa sai sun tara sa'o'i masu yawa cikin sanyin da bai haura digiri 7 ba. Yawancin ire-iren Turai da Amurka sai sun sami sa'a 600 zuwa 1,000. In abin ya gaza, fure ya fito jefi-jefi, ya zube, mai gona ya tashi a tutar babu.

Shi ya sa masana a Jami'ar Florida ta Amurka suka daɗe suna haɗa iri, har a 1982 suka fitar da Flordaprince, wanda sa'a 150 ta ishe shi. Yana nuna kimanin kwana 80 bayan fure, bawo ja, ciki rawaya. Manoman Masar sun rungume shi hannu bibbiyu.

To, mai fili a Dei-Dei da ke Abuja fa? Nan ne nake jan hankali. Ko a tsakiyar hunturu, daren Abuja ba ya kusantar digiri 7, don haka 150 ɗin ma ta yi masa nisa. Inda ake da fata a Najeriya shi ne tudun Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, da tsaunin Mambilla a Taraba, wanda ya fi shi tsayi da sanyi.

Can ɗin ma sai da dabara. Dashe mai aure ake nema, domin ƙwallo ba ya maimaita uwarsa. Bishiyar tana son jigawa, ba ta jure kwanciyar ruwa a gindi. A reshen bara take haihuwa, saboda haka dole a riƙa rage mata rassa duk shekara, a kuma tsinke wasu 'ya'yan tun suna ƙanana don sauran su yi ƙiba.

Duk wanda ya kawo maka dashen pich a Dei-Dei, tambaye shi sunan irin da sa'o'in sanyin da yake bukata. In ya kasa amsawa, sa kuɗinka a mangwaro ko gwaiba.