BABI NA UKU: MAKOMAR ƊAN RIƘO BAYAN YA KAWO ƘARFI A BATURIYA DA KEWAYENTA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin garin Baturiya, wanda ke cikin ƙaramar hukumar Kirikasamma ta masarautar Haɗeja a jihar Jigawa, tare da sana'o'in mutanensa na noma da su da kiwo. Wannan babi kuwa zai dubi abin da kan sami ɗan riƙo idan ya girma, wato lokacin da ya isa barin hannun wanda ya riƙe shi. Za a mayar da hankali ne a kan muhalli, domin a ƙasar Hausa ba a lasafta namiji cikin magidanta sai ya sami ɗakin da zai ajiye mata, ita ma mace ba ta da kwanciyar hankali a gidan miji sai tana da gidan da za ta koma idan zama ya ƙi daɗi.

3.1 Riƙo da ire-irensa

Riƙo shi ne mutum ya ɗauki ɗan da ba shi ya haifa ba, ya ciyar da shi, ya tufatar da shi, ya yi masa tarbiyya kamar nasa. Wasu kan kira shi tallafi. Dalilansa suna da yawa. Akwai kunyar ɗan fari, wadda kan sa a miƙa yaro ga kakanni da zarar an yaye shi. Akwai ba wa 'yar'uwar da Allah bai ba ta haihuwa ba, kamar yadda ake gani a tarihin rayuwar Baba ta Karo (Smith, 1954), wadda ita kanta ba ta haihu ba, amma ta yi renon 'ya'yan dangi. Akwai kuma maraici da mutuwar aure, da agola wanda uwarsa ta zo da shi gidan sabon miji. Goody (1982) ta nuna cewa al'adar ta game Afirka ta Yamma, kuma sau da yawa ba talauci ke jawo ta ba, hanya ce ta ƙulla zumunci da koya wa yaro sana'a.

Wanda ubansa ke raye, kuma yana da gida da gona, riƙonsa kamar aro ne. Komai daɗewa yana da wurin komawa. Damuwar wannan babi ita ce maraya da agola da duk wanda ba shi da wani gida sai na riƙo.

3.2 Yadda ake fita daga riƙo a al'adance

A wasu ƙasashe shekaru ne ke yanke riƙo. A Ingila, alal misali, yaron da hukuma ta ba wani iyali riƙo yakan fita daga wannan matsayi yana da shekara 18. Ganin yadda da yawa daga cikinsu ke rasa wurin kwana ya sa aka yi dokar shekarar 2000, wadda ta ɗora wa ƙananan hukumomi alhakin ci gaba da taimaka musu, sannan a 2014 aka ba su damar ci gaba da zama a gidan riƙo har zuwa shekara 21. Amurka ma ta yi irin wannan doka a 1999. A Baturiya kuwa babu mai ƙirga shekaru. Abubuwa biyu ne ke kawo ƙarshen riƙo: aure ko mutuwar mai riƙo. Makomar yaro ta rataya ne a kan wanne ya riga zuwa.

Idan aure ne ya riga, to al'ada ta yi tanadi mai kyau. Yaro namiji yana tashi ne a cikin gandu, yana noma tare da 'ya'yan gida. Idan ya fara ƙarfi sai maigida ya yanka masa gayauna, wato 'yar gonar da zai riƙa nomawa a lokacin kansa, amfanin kuma nasa ne. Da rani ya shiga kamun kifi, ko noman fadama, ko yankan kabar goruba. Idan ya balaga yakan bar cikin gida ya koma kwana a zaure ko shago tare da sauran samari, musamman idan shi ba muharramin matan gidan ba ne, domin riƙo kaɗai ba ya haramta aure, shayarwa ce ke haramtawa. Ranar da ya tashi aure, mai riƙo ne zai nema masa, ya taimaka da sadaki, ya nuna masa gefe a cikin gida ko kangon da zai gina ɗaki. Abokai su yi gayya, a kwaɓa ƙasa, a yi tubali, a ɗora rufi. Ga 'ya mace kuwa, kayan ɗaki da gara suna wuyan uwar riƙo da mijinta, kuma abin kunya ne ƙwarai a ce an kai 'yar riƙo da kayan da ba su kai na 'ya'yan ciki ba.

Ke nan, abin da Turawa suka zauna suka tsara da doka, wato muhalli da jari da mai ba da shawara, Bahaushe ya daɗe da saninsa. Sai dai duk wannan alheri ne, ba hakki ba ne. Yana tsaye ne a kan ran mutum ɗaya da halinsa.

3.3 Idan mutuwa ta riga

A nan ne matsalar take. Shari'ar Musulunci, wadda kotunan jihar Jigawa ke bi wajen rabon gado bisa mazhabar Malikiyya, ta kwaɗaitar da kula da maraya, amma ba ta yarda a jingina yaro ga wanda ba ubansa ba. Saboda haka riƙo ba ya sa a ci gado. Idan maigida ya rasu, gida da gona duk sun zama na magada, har da gayaunar da yaron ya shekara goma yana nomawa, har da filin da ya yi gini a kai, matuƙar ba a mallaka masa ba. Magada na iya barinsa don zumunci, kuma da yawa sukan bari. Amma idan gidan ya yi kaɗan, ko wani ya matsa a sayar a raba kuɗi, ɗan riƙo ne farkon wanda zai kwashe tabarmarsa.

Wanda abin ya fi yi wa zafi shi ne jikan da ubansa ya rasu kafin kakansa. Wannan jinin gidan ne, a nan aka yanke cibiyarsa, wataƙila ma ubansa ne ya gina rabin ɗakunan. Amma a ƙa'idar gado, ɗa yana kange jika, saboda haka baffanninsa ne za su gada, shi ba shi da kaso. Ƙasar Masar ta magance wannan da dokar 1946, wadda ta wajabta a cire wa irin wannan jika wasiyya daga dukiyar kaka ko da bai faɗa ba. A nan ƙasar kuwa abin yana hannun kakan. Malaman Malikiyya sun san abin da ake kira tanzili, wato kaka ya bayyana cewa ya ajiye jikansa a matsayin ubansa, kuma ana ɗaukar wannan a matsayin wasiyya wadda ba za ta wuce sulusin dukiya ba.

Hanyoyi biyu ke nan shari'a ta buɗe wa mai riƙo: wasiyya da kyauta. Wasiyya tana halatta ga ɗan riƙo ne saboda shi ba magaji ba ne. Kyauta kuwa ba ta da iyakar sulusi idan an yi ta cikin ƙoshin lafiya, sai dai tana da sharaɗin da mutane da yawa ba su kula da shi ba. A Malikiyya, kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓi abin a hannunsa kafin mai bayarwa ya rasu ko ya kwanta ciwon ajali. Dattijon da ya ce wa yaro "na ba ka gonar bakin gulbi", amma ya ci gaba da nomanta yana zuba amfanin a rumbunsa har ya rasu, bai bar wa yaron komai ba sai rigima. Daɗin daɗawa, mutanen karkara ba su cika son zancen wasiyya ba, suna ganin kamar kiran ajali ne, ko kuma nuna rashin yarda da 'ya'yan ciki. Wannan kara tana cutar da wanda aka yi niyyar taimaka wa. Da za a kira bulama da liman da shaidu biyu, a taka iyakar fili, a rubuta, da an huta da shari'o'i da dama.

Ita 'ya mace matsalarta takan jinkirta ne kawai. Ta yi aure, an kai ta da kayanta, kowa ya ce an sauke nauyi. Sai ranar da auren ya mutu, ko mijin ya rasu, ta dawo ta tarar uwar riƙo ba ta raye, an raba gida, ɗakin da ta tashi a ciki ya zama na matar wani. Dangin ubanta kuwa ba ta saba da su ba. Irin wannan bazawara kan karɓi duk mijin da ya fito, don samun wurin zama.

3.4 Ruwa da ƙarancin tudu

Yanayin ƙasar Baturiya ya ƙara wa matsalar nauyi. Garin yana cikin dausayin Haɗeja da Nguru, inda rayuwa ta dogara ga hawa da saukar ruwan kogi. Gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, duk a jihar Kano, ya sauya yadda ruwan ke zuwa. Ciyawar kacalla ta sami wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su a sassa da dama na dausayin. Ambaliya kuma ta yi ɓarna a ƙasar Haɗeja a 2012 da 2018 da 2020 da 2022, ta rushe gidajen ƙasa masu yawa. Haka kuma dajin Baturiya keɓaɓɓe ne na gwamnati, an kuma sanya shi cikin dausayoyin duniya masu muhimmanci a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar a 2008, saboda haka ba wurin da saurayi zai shiga ya share ya kafa gida ba ne.

Sakamakon haka tudun da ruwa ba ya ci ya yi daraja. Maigidan da a da zai yanka wa ɗan riƙo fili ba tare da tunani ba, yau yana lissafin 'ya'yansa tukuna. Idan ruwa ya rushe gida, ɗakin maigida da na matansa ake fara tayarwa, shagon samari shi ne na ƙarshe. Kayan agaji ma akan raba su ne gida-gida da sunan magidanci, don haka saurayin da ke raɓe bai shiga lissafi da sunansa ba. Daga nan sai cin rani zuwa Haɗeja ko Nguru ko Kano, wanda ga mai gidan komawa tafiyar 'yan watanni ce, ga ɗan riƙo kuwa takan zama ƙaura.

3.5 Hukuma

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan hakkin yara ta 1989 ta ambaci kafala ta Musulunci cikin hanyoyin kula da yaron da ya rasa iyaye, kuma ƙa'idojin da Majalisar ta amince da su a 2009 sun nemi a shirya wa matashi fita daga riƙo tun da wuri, a kuma ci gaba da tallafa masa bayan ya fita. Dokar hakkin yara ta Nijeriya ta 2003 tana da sashe a kan riƙo, amma riƙon da kotu ta ba da izini, kuma yaro a wurinta shi ne wanda bai kai shekara 18 ba. Jihar Jigawa ta sami tata dokar kare yara a watan Disamba na 2021, zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar. Riƙon da ake yi a Baturiya ba ya bi ta kotu. Magana ce tsakanin dangi, wani lokaci a zaman makoki ake yanke ta. Saurayi mai shekara 22 da ke neman filin gini kuwa ya wuce hurumin dokar yara.

Amma akwai ƙofofin da ba sai an yi sabuwar doka ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallakar fili a karkara, don noma ko zama, ke nan Kirikasamma na iya keɓe filaye a kan tudu ga marayun da suka isa aure. Zakkar hatsi da ake tarawa bayan kaka takan tafi ne ga tsofaffi da mata masu ƙananan marayu, wanda daidai ne, sai dai maraya ba ya daina bukata ranar da gemu ya fito masa. Kuɗin buhu biyu ko uku na shinkafa, idan aka ba shi a dunƙule, zai iya zama azara da kwanon rufi, ko komar kamun kifi. Bulamai da limamai ne suka san gidan da ake riƙon ɗan wani, kuma su ake kira ranar rabon gado, don haka a hannunsu rajistar irin waɗannan yara ta fi dacewa ta zauna.