Izinin Gama-garin Masu Aiki Bisa Faifan da Aka Ɗaura a Kwamfuta Mai Tsaro

Malamin da ya tara muryoyin mawaƙa da masu tatsuniya a faifan ajiya yakan gamu da wata matsala idan ya kawo shi ga kwamfutar da a ke tarayya a kanta. Mai kula da na'ura ya haɗa faifan, amma ɗalibi ya zo buɗewa sai a ce ba shi da izini. Asalin wannan yana cikin ginin tsarin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka soma a Bell Labs ta Amurka a 1969, Linux kuwa ya bi sawunsa tun 1991.

A wannan tsari ba a ba faifai harafi na kansa yadda Windows ke yi. Sai an ɗaura shi a bakin wata jaka, sa'an nan a ga abin da ke ciki. Kalmar "ɗaurawa" ta fi "haɗawa" dacewa a nan, gama faifai yana iya zama a haɗe da waya alhali ba a ɗaura shi ba. Ɗaurawa kuwa tun asali aikin shugaban na'ura ne kaɗai, watau root.

Kowane fayil yana da mai shi, da rukuninsa, da sauran jama'a, kowannensu da nasa rabo. Karantawa 4 ce, rubutawa 2, zartarwa ko ratsa jaka 1, a kan tara su a sami lamba guda. Saboda haka 750 na nufin mai shi yana da duka, 'yan rukuni su shiga su karanta, saura ba su da kome.

To, inda a ke yawan kuskure shi ne ba dukan faifai ke ɗauke da wannan bayani ba. Faifan da aka tsara da ext4 yana riƙe da lambar mai shi a jikinsa, sai a sake mallaka da umurnin chown. Amma lalle a yi haka bayan an ɗaura, domin jakar da aka gyara tun da fari takan ɓoyu a ƙarƙashin faifan, gyaran ya tafi a banza. Faifan FAT, irin na yawancin ƙananan faifan aljihu, bai san mai shi ba sam. Shi a lokacin ɗaurawa a ke faɗa wa na'ura wanda za ta ɗauka mai shi, ta hanyar uid da gid da umask, a rubuta su cikin fayil ɗin /etc/fstab. Nan ma a ke sa kalmar user don talaka ya iya ɗaurawa da kansa. Ita kuwa tana jawo nosuid da nodev da noexec tare da ita, don kada wani ya shigo da manhaja a faifai ta ari ikon shugaba. A kwamfutocin tebur na yanzu udisks ke ɗaurawa a madadin mutum, bayan polkit ya yarda.

Mai gaggawa yakan sa 777 ya huta. Wannan ganganci ne, musamman da ya ke share fayil ya dogara ga izinin rubutu a jakar da ya ke ciki, ko da an hana taɓa fayil ɗin kansa. Ɗalibi guda yana iya shafe aikin shekaru da kuskuren yatsa, mawaƙin da aka ɗauka kuwa wataƙila ya riga mu gidan gaskiya. Abin da ya fi shi ne a kafa rukuni, a sa ɗalibai ciki, a bar jakar a 750, ko a ɗaura faifan da ro, watau karantawa kaɗai.

Idan an yi duk wannan ƙofa ta ƙi buɗuwa, sai a duba SELinux, wanda hukumar NSA ta Amurka ta fitar a 2000. Shi yana liƙa wa fayiloli tambari na dabam, yana kuma iya hana abin da lambobin nan suka halatta.