Tsohon kwanon siminti: abin da asirans ba ta biya

Daminar 2024 ta yi ɓarna ƙwarai a Nijar. Ruwa ya taɓa mutane fiye da miliyan ɗaya, gidaje da yawa sun faɗi. A ƙasar Kurfai kuwa, hadarin farkon damina yakan zo da iska mai kware rufi. In gari ya waye, yara da manya su fita tsintar abin da ya saura: katako, ƙusa, guntayen kwano. Talaka ba ya zubar da kome. Amma cikin tsintuwar nan akwai abu guda da ke son hattara, shi ne tsohon kwanon siminti.

Ba shi ne kwanon ƙarfe da ake kira tol ba. Wannan mai kauri ne, mai nauyi, launinsa kamar toka. Ba ya tsatsa, ba ya lanƙwasa. In ya faɗi, fashewa yake kamar tukunya. An yi shi da siminti haɗe da wani dutse da ake haƙowa daga ƙasa, mai tsagewa zare-zare kamar auduga. Da Faransanci sunansa amiyanti, a Najeriya ana ce masa asbesto. Wajen kashi ɗaya cikin goma na kwanon, amiyanti ne.

Wuta ba ta cin amiyanti, gara ba ta cinsa, ga araha. Shi ya sa tun zamanin Turawa har bayan samun mulkin kai aka rufe ma'aikatu da makarantu da mangazu masu yawa da shi a Afirka ta Yamma. Har a Kano da Legas an yi masana'antunsa. In aka sake wa babban gini rufi, tsohon kwanon ba ya ɓacewa. Bayan gida yake komawa: kan madafa, kan akurkin kaji, rumfar awaki, makewayi. Duk mai irin wannan rufi, a Filinge yake ko Tukunus, ko Shikal, ko Luma, maganar nan tasa ce.

Kwanon da ke zaune lafiya bisa gini, ba a taɓa shi, haɗarinsa kaɗan ne. Cutar tana cikin ƙurarsa. In an yanka shi da zarto, ko an huda shi, ko an farfasa shi, zaren yana tashi cikin iska. Ido ba ya ganinsa, hanci ba ya jinsa. Ya shiga huhu ya zauna. Mutum ya yi shekara 20, 30, har 40 yana noma lafiya, sannan numfashi ya fara gagararsa, ko ciwon daji ya kama huhu. Mai shan taba ya fi kowa shiga haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane fiye da 200,000 ke mutuwa kowace shekara saboda ƙurar da suka shaƙa wurin aiki. Faransa ta hana amiyanti a 1997, Afirka ta Kudu a 2008.

To, ina maganar asirans, wadda a Najeriya ake kira inshora? Mutanen Filinge sun san ta wajen mota. Duk direban da ke bin hanyar Baleyara zuwa Yamai dole ya riƙe takardarta. Ta gida ba dole ba ce. Masu yinta kaɗan ne, galibi ƴan kasuwa masu kanti da ma'aikatan da suka yi ginin siminti. Mutum ya biya kuɗi kowace shekara, in gobara ta ci gidan kamfani ya biya shi. Sai dai kowace takarda tana da wurin da aka jera abin da kamfani ba zai biya ba, kuma a ƙasashe da yawa amiyanti ya daɗe cikin jerin nan.

Dalilin daga Amurka ya taso. Ma'aikata dubbai da suka kamu da ciwo suka kai ƙara. A 1982 babban kamfanin amiyanti, Johns-Manville, ya bayyana wa kotu cewa ba zai iya ɗaukar diyyar ba. Kamfanonin asirans suka yi asara mai yawa, suka fara rubuta cewa babu ruwansu da abin da amiyanti ya jawo. Ƙananan kamfanoni kuwa su ma wurin manya suke jingina, sharaɗin babba yakan biyo takardar ƙarami.

Ga yadda abin ke faɗa wa mai gida. In yana son sauke rufin don ya tsufa, aljihunsa ne, asirans ba ta biyan tsufa. In magini ko maƙwabci ya yi ciwo saboda ƙurar, takarda mai wannan sharaɗi ba ta tsaya masa. In gobara ce, ana iya biyan ginin, amma kuɗin kwashe tarkacen ya zo da iyaka. Abin da ya fi cin mutane shi ne ƙananan ɗakunan bayan gida: wanda ba a rubuta cikin takarda ba, kamfani yana iya cewa bai san da shi ba. Can kuwa kwanon ya fi taruwa.

Doka ba ta bar mai gida hannu banza ba. A 1992, a Yawunde, ƙasashen Afirka 14 har da Nijar suka sa hannu kan yarjejeniyar asirans da ake kira CIMA. Dokarta ta ce duk sharaɗin da ke hana biya, sai an rubuta shi da baƙaƙen da ke fitowa fili sosai, in ba haka ba bai ci ba. Amma ta ce wanda ya yi ƙarya da gangan kan abin da aka tambaye shi, takardarsa ta mutu, kuɗin da ya biya kuma ba su dawowa. Saboda haka a faɗi irin rufin yadda yake, a sa a rubuta kowane ɗaki. Takardar da Faransanci take zuwa. Kafin a dangwala hannu, a kai ta ga wanda zai karanta ta duka, a tambayi wakilin kamfani: amiyanti fa?

Manomi da makiyayin da ba su da asirans, su ne suka fi yawa, kuma ƙurar ba ta tambayar takarda. Rufin da bai fashe ba a bar shi. In dole a sauke, a jiƙa shi da ruwa, a kwance ƙusa a hankali, a miƙo shi ɗaya ɗaya, kada a jefo. Rawani ko tsumma a hanci ba ya tare zaren. Kada a share wurin da tsintsiya a bushe, a kwashe da jiƙaƙƙen tsumma. Tufafin aikin a jiƙa su a wanke daban, kada a kakkaɓe, don an ga matan da suka kamu ta hanyar wankin rigunan mazansu. Guntayen ba na murhu ba ne, suna fashewa cikin wuta, ba kuma na wasan yara ba ne. A ƙunshe su cikin buhun leda, a je ma'aikatar magajin gari a tambayi wurin da za a binne su, nesa da gida da gona.