Mu Leƙa Rumbun Ƙwayar Kwamfuta

Waɗansu daga cikinku, musamman masu karatun kimiyya da aikin hannu, sun riga sun taɓa ɗan injin nan da a ke kira Arduino Uno, wanda bai wuce tafin hannu ba. An fara yin Arduino a garin Ivrea na ƙasar Italiya cikin 2005, don a sauƙaƙa wa ɗalibai koyon aikin lantarki. A jikinsa akwai wata baƙar ƙwaya doguwa mai ƙafafu 28, sunanta ATmega328P. To, ƙwayar nan ita ce kwamfutar, sauran tarkacen duk barorinta ne.

Abin da za mu duba shi ne, in mutum ya ba ƙwayar nan jerin lambobi ya ce ta ajiye, ina ta ke sa su, kuma yaya su ke kwance a can? Malami ya kan zana jeri a allo kamar akwatuna, ko wane da sunansa. Zanen yana da amfani, amma wanda bai taɓa leƙa cikin ƙwayar da idonsa ba ya kan ɗauka akwatunan suna can da gaske. Ran da lambobinsa suka fito a hargitse kuwa, sai ya rasa inda zai kama.

Wuraren ajiya uku ne cikin ƙwayar. Na farko shi ne wanda masu sana'ar ke kira SRAM, mu kuwa bari mu ce da shi allo, gama halinsu ɗaya da allon aji: a nan a ke lissafi, da an ɗauke wuta kuma sai ya goge sarai. Sauran biyun rumbuna ne, ba su mantuwa. Babban rumbu, watau filash, shi ke riƙe da umarnin da ƙwayar ke bi, abin da mu ke kira manhaja. Ƙaramin rumbu, mai suna EEPROM, na ajiye 'yan abubuwan da manhaja ke so ta tarar gobe ne. Abin da ya hana su mantuwa shi ne, a kan tura 'yar wutar lantarki cikin wani ɗan lungu da aka kewaye da abin da wuta ba ta ratsawa, sai ta maƙale a can. Takardar masu ƙera ƙwayar ta ce ajiyar na kai shekara 20 a zafin digiri 85, a digiri 25 kuwa shekara 100.

Ko wane wurin ajiya an raba shi gurbi gurbi kamar na dara, sai dai layi ɗaya ne miƙaƙƙe, ko wane gurbi da lambar gidansa, a rumbunan biyu daga sifiri a ke farawa. Gurbi ɗaya shi a ke kira bait, ba ya ɗaukar abin da ya wuce lamba guda tsakanin 0 da 255. Allo yana da gurbi 2,048, babban rumbu 32,768, ƙaramin kuwa 1,024.

Mu ɗauka ajinku ya ƙera injin buga ƙararrawar makaranta. Ana so ta buga sau uku: bakwai da rabi na safe, ƙarfe goma, da biyu saura kwata. Hanya mai sauƙi ita ce a ƙirga mintoci daga sha biyun dare, sai a sami 450, da 600, da 825. Jerinmu ke nan. Tun da ba a so lokutan su ɓace in wuta ta ɗauke, sai a sa su ƙaramin rumbu, daga gurbi na 0. Amma kun ga ko wace ɗaya ta fi 255, ba ta shiga gurbi guda. Saboda haka a kan mai da su irin lambar da a ke kira int, wadda a wannan ƙwaya gurbi biyu ta ke ci. Lamba uku, gurbi shida.

Yanzu mu leƙa. Ku rubuta 'yar manhaja wadda za ta bi gurabe daga 0 har 1,023, tana ɗauko ko wane da umarnin EEPROM.read, tana aika shi ta wayar USB zuwa fuskar babbar kwamfuta, goma sha shida a ko wane layi. Loda sabuwar manhaja ta wannan waya ba ya taɓa ƙaramin rumbu, don haka ajiyarku tana nan. In ƙwayar sabuwa ce, ga abin da za ku gani a layin farko:

C2 01 58 02 39 03 FF FF FF FF FF FF FF FF FF FF

Kada haruffan su firgita ku. Ƙirga ce ta sha shida sha shida maimakon goma goma. Bayan 9 sai A ta tsaya a madadin 10, B ta zama 11, har a kai F, watau 15. An zaɓe ta ne domin ko wane gurbi ya kan fito da alama biyu daidai. C2 watau 12 sau 16 a ƙara 2, 194 ke nan. Ku lura dai, umarnin Serial.print ya kan yar da sifirin farko, ya rubuta 1 maimakon 01, sai kun sa manhajar ta mayar da shi, in ba haka ba layukan za su karkace.

To, ina 450 ɗinmu? Ku raba ta da 256, ta shiga sau 1, saura 194, watau 01 da C2. Amma ku duba, C2 ce ta riga, 01 na biye da ita. A wannan ƙwaya ƙaramin kashi a ke fara ajiyewa, sa'an nan babba. Mu Hausawa babba mu ke fara faɗa, mu ce ashirin da biyar, amma wanda ya yi karatun Larabci ya san Larabawa biyar su ke fara ambata kafin ashirin. Ba wanda ya fi wani gaskiya, al'ada ce kurum, akwai ma kwamfutocin da babba su ke fara ajiyewa. Wanda ya karanta C2 01 yadda ya gan su, watau 194 sau 256 a ƙara 1, zai sami 49,665, alhali kuwa mintocin yini da dare duka 1,440 ne. Ƙararrawarsa har abada ba za ta buga ba. Ku gwada 58 02 da 39 03 da kanku, ku ga ko 600 da 825 sun fito.

Sa'an nan ku sake duban layin da kyau. Ina sunan jerin? Babu shi. Haka nan ba shingen da ya raba 450 da 600, ba kuma alamar da ta nuna jeri ya ƙare a gurbi na 5. Da wani zai ɗauki guraben nan ɗaya ɗaya, sai ya sami lamba shida, 194, 1, 88, 2, 57, 3, rumbun kuwa ba zai ce masa uffan ba. Sanin cewa lamba uku ne, manhaja kaɗai ke da shi. In tana neman wata, sai ta ɗauki matsayinta cikin jeri, ta riɓa shi da 2, ta ƙara a kan gurbin mafari. Shi ya sa a ke fara ƙirga jeri daga sifiri, gama ta farko ba ta matsa daga mafari ko taki ɗaya ba. In ɗalibi ya nemi ta huɗu a jeri mai uku, lissafi zai kai shi gurbi na 6 da na 7, ya tarar da FF FF. Gurbin da ba a taɓa rubutu a ciki ba 255 ya ke nunawa, ba sifiri ba, FF biyu kuwa in an karanta su a matsayin int sai su ba da -1. In rubutu ya je yi a can, wata ajiya kuma na wurin, to, ya shiga gonar maƙwabci, ba wanda zai tsawata masa.

Jeri mai layi da yawa ma haka ne. In an ajiye lokutan kwana biyar, ko wace rana uku, na Litinin su kama gurbi na 0 zuwa na 5, na Talata 6 zuwa 11, har na Jumma'a su ƙare a 29.

Kalma ita ma jeri ce, na haruffa. KANO ta kan fito 4B 41 4E 4F 00. Sifirin ƙarshen nan shi ke gaya wa manhaja kalma ta ƙare, watau harafi huɗu gurbi biyar su ke ci. Nan ne ya kamata mu masu rubuta Hausa mu buɗe ido. A tsarin UTF-8, wanda da shi a ke ajiye rubutun manhajar Arduino, haruffanmu masu ƙugiya gurbi biyu biyu su ke ci: ƙ ita ce C6 99, ɗ kuwa C9 97. Ashe kasa gurbi biyar ce har da sifirinta, ƙasa kuwa shida. Wanda ya auna wuri da ƙirga haruffa, sai sifirin ya rasa mazauni, manhaja ta zarce tana karanta abin da ke gaba kamar haruffa ne.

Babban rumbu fa? Duk jerin da aka rubuta lambobinsa cikin manhaja, a can ya ke kwana, da wuta ta zo kuma sai a kwafe shi zuwa allo. Watau jeri mai int 500 ya cinye gurbi 1,000, kusan rabin allon. Maganin wannan shi ne a sa kalmar PROGMEM a jikin jerin, sai a bar shi a rumbu ba a kwafa ba. Amma akwai sharaɗi. Allo da babban rumbu ko wane da nasa lambobin gida, saboda haka tilas a ɗauko lambobin da umarnin pgm_read_word. In an manta aka karanta yadda aka saba, sai ƙwayar ta nufi allo da lambar gidan rumbu, ta kwaso abin da ta tarar, kamar masinjan da aka ba lambar gida ba a gaya masa unguwa ba.

Ana iya leƙa rumbunan biyu ba tare da an loda kome ba. A kan haɗa wani ɗan injin lodi a tsinkayen nan shida da aka rubuta ICSP kusa da su, sa'an nan manhajar avrdude ta kwafo abin da ke ciki a tsarin Intel HEX. Da a ce lambobinmu kaɗai ne a layi, da haka zai fito:

:06000000C20158023903A1

06 yawan gurabe ne, 0000 gurbin mafari, 00 na biye kuma na nuna layin ajiya ne. Ga C2 01 da 'yan'uwanta kamar dā. A1 na ƙarshe, watau 161, shaida ce. Ku tara sauran duka, za ku sami 351, a ƙara 161 ya zama 512, wanda 256 ke raba shi ba saura. In ya bar saura, an yi kuskure wajen kwafa.

Ku yi hankali da injin lodin nan. Karatu da shi ba laifi, amma in an loda manhaja ta hanyarsa ya kan fara goge ƙwayar gaba ɗaya har da ƙaramin rumbu, sai fa in an riga an kafa makullin da a ke kira EESAVE. Ku kwafi ajiyarku tukuna.

Rubutu kuma yana cinye rumbu. Babban an lamunce masa gogewa da sake rubutu sau 10,000, ƙaramin sau 100,000. Kamar da yawa, amma manhajar da ke rubutu a gurbi ɗaya ko wace daƙiƙa za ta cika adadin nan cikin kwana ɗaya da sa'a huɗu. Umarnin EEPROM.update ya kan fara duba gurbin, ba ya rubutu sai ya ga abin da ke ciki ya bambanta da wanda aka kawo.